Alewar Rubina: Yadda Marubutan Kudancin Asiya Suka Iya Rubuta wa Yara

A shekarar 2010 aka buga wani ɗan littafin yara a Amurka mai suna Big Red Lollipop, wato ƙatuwar jar alewa mai tsinke. Rukhsana Khan ce ta rubuta shi, Sophie Blackall ta yi zanen. Babban mutum zai karance shi cikin minti biyar. Labarin wata yarinya ce, Rubina, 'yar gidan baƙi a ƙasar Turawa, wadda aka gayyata bikin zagayowar ranar haihuwar wata ƙawarta. Ta sheƙo gida da gudu tana murna. Mahaifiyarta ba ta ma san wannan irin biki ba, sai da ta tambaya. Ƙanwarta Sana kuwa tana jin zancen ta sa kuka, ita ma sai ta je. Uwa ta yanke hukuncin da duk wata 'yar fari ta sha jin irinsa: ko a tafi da ƙanwa, ko kowa ya zauna. Rubina ta yi magiya, ta nuna a nan ba haka ake yi ba, wanda aka kira shi kaɗai ke zuwa. Ba a saurare ta ba.

Sana ta je ta ɓata taro. Kowane wasa sai ita za ta ci, in ta faɗi ta ɓare baki. Da za a watse aka ba kowa ƙunshin tsaraba, a ciki har da jar alewar. Sana ta gama da tata a ranar. Rubina ta adana tata a firji don gobe, da safe ta tarar an gwaguye ta, saura ɗan guntu a jikin tsinke. Aka daɗe ba a sake gayyatarta ko'ina ba. Kwanci tashi Sana ta shiga makaranta, ita ma aka gayyace ta biki, auta Maryam ta sa nata kukan, uwa ta maimaita hukuncinta. Rubina na zaune tana ji. Shiru kawai za ta yi, Sana ta ɗanɗana abin da ita ta ɗanɗana, kuma marubuciyar ba ta ɓoye mana cewa zuciyar yarinyar ta raya mata hakan ba. Sai ta sa baki, ta roƙi uwarsu ta ƙyale Sana ta tafi ita kaɗai. Da Sana ta dawo, ta kawo wa yayarta ƙatuwar alewa koriya.

Labarin ke nan gaba ɗaya. A 2011 ya ci kyautar Charlotte Zolotow, wadda ake bayarwa musamman don ingancin rubutu a littafin yara mai zane, ya kuma ci kyautar Golden Kite. A 2013 babban ɗakin karatu na birnin New York ya sa shi cikin fitattun littattafan yara 100 na shekara 100. Na yarda da alƙalan nan, kuma ina ganin wanda ya zauna ya warware ɗinkin wannan littafi zai gane wata sana'a da marubutan Indiya, Pakistan, Bangladesh da Sri Lanka, na gida da na ƙetare, suka ƙware a kanta cikin shekaru talatin ɗin nan: yadda za ka shigar da yaro baƙo cikin gidanku ba tare da ka mai da gidan abin kallo ba.

A duba abin da Rukhsana Khan ta ƙi yi. Ba ta tsayar da labari ta yi bayanin daga ina mutanen nan suka zo ba, ko me suke bauta wa, ko me ya sa uwar ke sa doguwar riga da wando da gyale. Kayan jikin uwar a zane ake ganinsu. Yaran suna kiranta Ami, mai karatu ya gane uwa ce daga yadda take ba da umarni. Yarinyar da iyayenta suka fito daga Lahore za ta buɗe littafin ta ga ɗakinsu. Yaron da bai taɓa jin sunan Lahore ba zai ga ƙanwar da ta cinye masa abinsa, ya ji haushin ya taso masa har wuya. Dukansu ta ƙofar alewar suka shiga, kuma da sun shiga sun zama 'yan gida.

Sannan a duba yadda ta riƙe uwar. Marubuci mai gaggawa zai mai da ita jahila ko muguwa, wadda 'yarta mai wayewa za ta koya wa zaman duniya. A nan kuwa al'adu biyu ne suka yi karo, kowace da hujjarta. A wajen uwar, gayyata ta gida ce, kuma 'yan'uwa ba sa barin juna a baya. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa wannan, don goron gayyata idan ya shiga gida kowa ya shafa. A wajen ƙawayen Rubina kuma, wanda sunansa ke jikin kati shi aka kira. Littafin bai ce wannan ce daidai waccan kuskure ba. Ya nuna yarinyar da ke tsaye a tsakiya, ita ke shan wahalar karon, kuma ita ce daga ƙarshe ta samo mafita daga cikin gidan, cikin ladabi, ba tare da ta kunyata mahaifiyarta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin labarin. An haifi Rukhsana Khan a Lahore a 1962, iyayenta suka kai ta Kanada tana ƙarama, ta tashi a garin Dundas na lardin Ontario. Ta sha faɗa cewa abin ya faru da gaske a gidansu, kuma ita ce Sana, ita ce ta cinye alewar yayarta. Ke nan ta ɗauki murya ta ba wadda aka zalunta, ta tsaya daga waje tana kallon ƙuruciyarta da idon yayar. Wannan aiki ne mai wuya ga kowane marubuci, kuma shi ya sa Sana ta fito mai ban haushi amma ba abar ƙi ba. Wadda ta rubuta ta ta san yadda kwaɗayin yake daga ciki.

Duk wannan a fili ƙanƙane ake yin sa. Yawancin littattafan yara masu zane shafi 32 ne, domin manyan takardun da ake bugawa ninke su ake yi zuwa shafi 8 ko 16. In aka cire shafin suna da na bayanan bugu, abin da ya rage wa labari bai fi buɗi 14 ba, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. Kalmomi kuwa da wuya su kai 1,000, da yawa ba sa wuce 500. Saboda haka gwani yakan yi tunani da buɗin shafi. Yakan ajiye tambaya a ƙasan shafin dama, amsarta na bayan takarda, yadda hannun yaro zai kai ga juyawa tun kafin babba ya gama jumla. Dole kuma jumlar ta yi daɗi a baki, don da murya ake karanta irin wannan littafi, sau da yawa a karanta shi dare bayan dare har uba ya haddace. Ga wani sharaɗin da baƙon sana'ar ke mamaki: a manyan kamfanonin buga littattafai edita ne ke zaɓen mai zane, kuma sau tari marubuci da mai zanen ba sa zama tare. Don haka marubucin ƙwarai yakan bar rabin labari a buɗe. Duk abin da ido zai iya gani ba ya ɓata kalma a kansa.

Wani littafin na Rukhsana Khan, King for a Day, ya nuna amfanin wannan kamewa. A Lahore ne, ranar bikin Basant, lokacin da mutane ke hawa saman soraye suna sakin jiragen takarda masu zare, kowa na ƙoƙarin tsinke zaren ɗan'uwansa. Malik yana da ɗan ƙaramin jirgi mai sauri da ya haɗa da hannunsa, maƙwabcinsa azzalumi yana da ƙato mai tsada. Labarin na dabara ne da iya sarrafa zare, da kuma abin da Malik ya yi da nasararsa sa'ad da ya hango azzalumin ya ƙwace wa wata yarinya nata jirgin. A zanen Christiane Krömer ne mai karatu ke ganin Malik a keken guragu yake zaune. Labarin bai tsaya jajanta masa ba, bai mai da keken darasi ba. Yaro mai lalura da ya karanta zai ga irinsa yana sarautar sararin sama, ba a kira shi abin tausayi ba ko sau ɗaya.

Me ya sa aka damu da wannan har ya zama fagen gwaninta? Domin an daɗe babu shi. Tun 1928 wani Ba'indiye, Dhan Gopal Mukerji, ya ci babbar lambar Newbery ta Amurka da littafinsa Gay-Neck, labarin wata tattabara, amma bayansa an yi shekaru masu yawa yaran Kudancin Asiya ba sa ganin fuskarsu a kantar littattafan Amurka da Ingila, sai dai a labarin maciji da giwa da maharaja wanda baƙo ya rubuta. A can gida ma, yaran makarantun Turanci a Indiya da Pakistan da Sri Lanka sun tashi da littattafan Enid Blyton, suna bin yaran Ingila yawon shan iska a bakin teku. A 1990 wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta yi bayanin da ya zama ginshiƙin wannan fage: yaro na buƙatar littafin da zai zame masa madubi ya ga kansa, da wanda zai zame masa taga ya ga wasu. Cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin da ke Madison tana ƙirga abin da ake bugawa kowace shekara. A lissafinta na 2018, rabin littattafan jarumansu farar fata ne, kashi 27 cikin 100 dabbobi ne da motoci da makamantansu, kashi 7 kacal suka shafi 'yan asalin Asiya da tsibiran Fasifik baki ɗaya. Ƙorafi kan irin wannan ne ya haifi ƙungiyar We Need Diverse Books a 2014, kuma Aisha Saeed, 'yar asalin Pakistan, na cikin waɗanda suka kafa ta. A 2016 kamfanin Simon & Schuster ya buɗe sashe na musamman, Salaam Reads, ƙarƙashin edita Zareen Jaffery, don littattafan da jarumansu yara Musulmi ne.

Buɗewar ƙofa ta zo da nata tarkon, kuma gara a faɗe shi. Da kasuwa ta fara neman irin waɗannan littattafai, sai aka yi ta samun masu kama da juna: littafin bikin Diwali, littafin Sallah, littafin abincin da 'yan aji suka toshe wa hanci, littafin sunan da malama ta kasa faɗa. Ba laifi ba ne a rubuta su, wasunsu ma suna da kyau ƙwarai. Lailah's Lunchbox na Reem Faruqi, labarin yarinyar da ta fara azumi a sabuwar makaranta ta rasa yadda za ta gaya wa malamarta, ya yi wa yara da yawa amfani. Amma in duk littafin da yaro ya ga kansa a ciki bayani ne ake yi wa wasu game da shi, to har yanzu baƙo ne a shafin. Gwanayen sun gane haka. Shi ya sa nake girmama jerin littattafan Yasmin na Saadia Faruqi, da suka fara fitowa a 2018 da zanen Hatem Aly. Yasmin 'yar firamare ce mai ƙiriniya da yawan dabara, yau tana zana taswirar unguwa, gobe tana gini, jibi tana ɗinki. Kakanninta na gidan, kalmomin Urdu na yawo a bakinsu, amma matsalar kowane labari irin ta kowane yaro ce. Pakistanci a nan iskar ɗakin ne, ba shi ne abin da ake tattaunawa ba.

Ga manyan yara, masu shekara 8 zuwa 12, aikin ya fi nauyi, don a nan ake taɓa abin da ke da zafi. Hena Khan ta rubuta Amina's Voice, littafin farko da Salaam Reads ya fitar a 2017. Amina yarinya ce a yankin Milwaukee mai kyakkyawar murya da tsananin kunya. Babbar ƙawarta, 'yar asalin Koriya, tana shirin sauya suna zuwa na Turawa. Yayan mahaifinta ya zo daga Pakistan, ta ji shi yana nuna rashin amincewa da kiɗan da take so. Ga gasar karatun Alƙur'ani na tafe a masallacinsu, sannan wasu suka shiga masallacin suka yi ɓarna. A hannun wani, baffan nan zai zama dodon labari. Hena Khan ta bar shi dattijo mai ra'ayi da ƙauna, wanda shi ne kuma ya zauna yana gyara wa Amina karatunta. Yaron da ya tashi a gidan Musulmi ya san irin wannan baffa, ya san ana iya saɓa masa a kuma so shi. Samun wannan a rubuce, cikin harshe mai sauƙin da ɗan shekara 10 zai bi, shi ne ƙwarewar.

Veera Hiranandani ta ɗauko abin da ya fi wannan nauyi. A 1947, da aka raba Indiya da Pakistan, mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya da cikin garuruwa. Dangin mahaifinta na cikin waɗanda suka bar Mirpur Khas a lardin Sindh, shi yana yaro. Ta yaya za a ba ɗan shekara 11 wannan tarihi ba a yi masa ƙarya ba, ba a kuma farfasa masa zuciya ba? A The Night Diary, wanda ya fito a 2018 ya sami lambar girmamawa ta Newbery a 2019, ta zaɓi Nisha, 'yar shekara 12, mahaifinta likita ne Bahindu, mahaifiyarta Musulma ce da ta rasu wajen haihuwarta ita da abokin tagwaicinta Amil. Nisha ba ta iya magana a gaban mutane, sai ta riƙa rubuta wa marigayiyar wasiƙa kowane dare a littafin da Kazi, kukun gidansu Musulmi, ya ba ta. Wannan zaɓi ɗaya ya warware matsaloli da yawa. Yarinyar da rabinta nan rabinta can ba ta da ɓangaren da za ta tsana, don haka mai karatu ma ba a ba shi abokin gaba. Wasiƙa ga uwa tana ba da damar faɗin tsoro a hankali. Kuma da yake abin da idon yarinya ya gani kawai ake rubutawa, ƙishirwar hanya da tashin hankalin jirgin ƙasa sun zo daidai gwargwadon abin da yaro zai iya ɗauka. Babban abin da ya fi ci mata rai shi ne rabuwa da Kazi da ɗakin girkinsa, kuma ta wannan ƙaramar ƙofa yaro ke fahimtar abin da raba ƙasa ke nufi.

Kada a ɗauka duk wannan harka ce ta 'yan ƙetare. A cikin Indiya kanta tambayar ta fi kaifi, don a can ba a rasa fuskar Ba'indiye a littafi, sai dai wane Ba'indiye. Mujallun zane na Amar Chitra Katha, da Anant Pai ya kafa a 1967, sun koya wa miliyoyin yara tarihi da tatsuniyoyin ƙasarsu, amma an daɗe ana sukar su da cewa jarumai farare ne, miyagu baƙaƙe. Yaron ƙauye, da na ƙabilun daji, da wanda tsarin bambancin asali ya ajiye a ƙasa, ba su cika samun shafi ba. Ƙananan kamfanoni ne suka sa hannu a wannan, biyu daga cikinsu a birnin Chennai.

Tulika, wanda Radhika Menon da Sandhya Rao suka fara a 1996, yakan fitar da littafi ɗaya cikin harsuna 9: Turanci, Hindi, Tamil, Malayalam, Kannada, Telugu, Marathi, Gujarati da Bengali. Su suka buga The Why-Why Girl na Mahasweta Devi a 2003. Wannan baiwar Allah, wadda ta rasu a 2016, babbar marubuciyar Bengali ce da ta ƙarar da rayuwarta tana fafutukar haƙƙin ƙabilu irin su Shabar, mutanen da dokar Turawan mulkin mallaka ta 1871 ta yi wa tambarin masu laifi tun daga haihuwa. Da ta zo rubuta wa yara, ba ta kawo musu wannan tarihi a dunƙule ba. Ta kawo Moyna, 'yar Shabar mai kiwon awaki wadda bakinta ba ya rabuwa da tambaya: me ya sa sai ta yi doguwar tafiya kafin ta ɗebo ruwa, me ya sa za ta ci sauran abincin masu gida, me ya sa ake makaranta a daidai lokacin da take kiwo. Kowace tambaya ta yara ce, kowace kuma tana tone tushen wani zalunci. Moyna ta yi karatu, ta zama malama. Marubuciyar ba ta ba ta tausayi ba, ta ba ta kaifin hankali, kuma mai karatu na fita daga littafin yana jin shi ma an ba shi izinin tambaya.

Tara Books kuwa, wanda Gita Wolf ta kafa a 1994, ya bi ta wata hanya dabam: ya miƙa alƙalamin ga mutanen da a da sai dai a yi rubutu a kansu. Bhajju Shyam ɗan ƙabilar Gond ne daga jihar Madhya Pradesh. An kai shi Landan ya yi wa wani gidan abinci zane a bango, da ya dawo aka zauna da shi ya ba da labarin birnin da idonsa da salon zanen kakanninsa. Abin da ya fito shi ne The London Jungle Book a 2004, inda agogon Big Ben ya haɗe da zakara, don a garinsu zakara ke faɗin lokaci, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma ya zama tana. An saba Bature ya je daji ya dawo ya ba da labari. A nan mutumin daji ne ya je Landan ya dawo ya fassara ta. Dulari Devi, wadda ta fito daga gidan masunta ta yi aikatau shekara da shekaru kafin ta koyi zanen Mithila, ta zana tarihin rayuwarta da hannunta a Following My Paint Brush.

Su Tara har jikin littafin sun mai da shi sana'a. The Night Life of Trees, wanda Bhajju Shyam da Durga Bai da Ram Singh Urveti suka zana bisa abin da Gond suka yi imani da shi game da itatuwa, da hannu ake buga shi a kan baƙar takarda, irin yadda masu buga rubutu a jikin riga ke yi a kasuwanninmu: a shimfiɗa kyalle mai tsari, a zuba fenti, a ja. Kowane launi jansa dabam, kowane shafi sai ya bushe kafin a ƙara wani, sannan a ɗinke da hannu a sa wa kowane kwafi lamba. Littafin ya ci kyauta a baje-kolin littattafan yara na Bologna a Italiya a 2008. Wanda ya riƙe shi yakan ji kaurin fentin a yatsunsa. Ban san wata hanya da ta fi wannan gaya wa yaro cewa fasahar mutanen ƙauye abar daraja ce ba.

Akwai wadda ta riga waɗannan kamfanoni duka. A Sri Lanka, Sybil Wettasinghe ta fitar da Kuda Hora, wato ɓarawon laima, a 1956, labarin wani ɗan ƙauye da ya je birni ya ga laima karo na farko, ya yi ta sayowa ana sacewa, ashe biri ne. Ta rubuta da harshen Sinhala, ta zana mutanen ƙauyensu da zannuwansu da dariyarsu a lokacin da ba a saba ganin haka a littafin yara ba. Littafin ya ƙetara har Japan ya samu karɓuwa sosai, ita kuma ta ci gaba da rubutu da zane har ta rasu a 2020 tana da shekara fiye da 90. Mitali Perkins ma ta yi irin wannan wa Bangladesh a Rickshaw Girl na 2007, labarin Naima mai iya zanen ado, wadda ta so taimakon mahaifinta mai tuƙa keken haya a garin da ba a yarda mace ta yi wannan aiki ba.

Littafi mai kyau da bai isa hannun yaro ba aikinsa bai cika ba, kuma littattafan Tara masu tsada ne. Wannan gefen Pratham Books na birnin Bengaluru ya kama tun 2004, da burin kowane yaro ya riƙe littafi, yana buga masu araha cikin harsuna da yawa. A 2015 suka buɗe StoryWeaver a intanet, suka zuba littattafansu a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar karantawa, saukewa, fassarawa da bugawa kyauta. Yau akwai labarai a wurin cikin harsuna fiye da 300, da Hausa a ciki. Malamin firamare ko marubuciyar da ke da waya da intanet za su iya shiga yau, su zaɓi littafi guda, su zuba shi cikin Hausar da yaran unguwarsu ke ji, su buga su raba wa aji. Sharaɗin kawai shi ne a ambaci sunan marubucin da mai zanen da kamfanin da ya fara bugawa. Wanda kuma ya fassara goma ya lura da inda ake juya shafi da inda ake yin shiru a bar wa zane magana, to ya zauna ya rubuta na goma sha ɗaya da kansa, a kan yaran gidansu.